Mai Ɗinkin Sunaye

A ƙarƙashin filin wasa, inda bututun ruwa ke tari,
nan kekena yake, da fitila ɗaya, da almakashi.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka sunayen maza
a bayan rigunan da jini zai ɓata kafin Lahadi.

An ce suna linzami ne.
To ku zo ku ga Bonamour,
wanda sunansa ke nufin so na gari.
Haƙoransa uku na gaba sun kwana a Chicoutimi,
ɗaya a gwiwar hannun wani, biyu a cikin ƙanƙara.
Aikinsa ke nan: ya yar da gora, ya cire safar hannu,
ya shaƙe wuyan rigar ɗan mutane,
alƙalin wasa ya kora shi akurkin gilashi minti biyar,
yana tofar da ja, jama'a na rera sunansa
kamar masu rakiyar ango.
Harufa takwas ne. Sau goma sha huɗu na maida su bara,
don ta nan ake cafkarsa.

Sai Láska mai tsaron raga, baƙo daga ƙasar Cek.
A harshensu, sunan nan shi ne so ɗin kansa, ba ƙari.
Ranar farko na manta ɗan karan da ke kan harafi na biyu.
Ya sauko har ɗakina da takalman ƙarfe a ƙafa,
ƙato, sai da ya sunkuya a bakin ƙofa,
ya ɗora yatsa a wurin, ya ce: uwata za ta kalla.
Tun daga ran nan da shi nake farawa.

Akwai kuma yaron Finlan, Armas, wato abin ƙauna,
amma sunan yanka ba ya hawa riga.
Abin da na ɗinka masa shi ne Routa,
wai daskararriyar ƙasa.

Duk sha huɗu ga Fabrairu sai a jera su ukun,
a ba kowa furen wardi ya riƙe da haƙori.
Bonamour ya riƙe nasa da dasashi.
Mai hoto ya yi dariya har ya zame.
Da dare kuma baƙin faifan nan ya tashi kamar harsashi,
ya tsaga girar Armas, ɗinki tara.
Wannan ba ni na yi ba, likita ne,
kuma zarensa bai kai nawa kyau ba.

Mijina sunansa Lapierre. Dutse ke nan.
Shi ke tuƙa motar share ƙanƙara tsakanin zango da zango,
yana shafe jini da zanen takalma,
ya bar fili fes kamar ba a taɓa faɗa ba.
Ba wanda ya taɓa rera sunansa.
Amma kowane dare, kafin mu fita cikin dusar Janairu,
sai ya ɗora takalmana a kan injin su yi ɗumi.
Bai ce komai a kai ba. Shekara ashirin da biyar.
Yanzu wani yaro ke tuƙa motar,
yana barin kusurwar hagu da kaushi.

Jiya aka sayar da Bonamour can yamma.
Ya sauko da rigar a hannu, ya rasa abin faɗa,
ya sumbaci goshina da bakin nan nasa mai gibi,
ya buge fitilata da kafaɗa, ya ba da haƙuri, ya tafi.

Na zauna ina warware harufan ɗaya bayan ɗaya,
gobe wani zai sa lamba arba'in da huɗu.
Da na ɗaga rigar ga haske
sai ga sunan nan daram, cikin hudar allura.
Zan rufe shi da na sabon yaro.
Ban ma tambayi ma'anarsa ba.