Jiran Shamuwa a Marwa

Babur ya kayar da ni a hanyar Mokolo,
mai ɗori ya ɗaure ƙafa da karan dawa,
ya ce kwana arba'in ban da motsi.
Sai ga ni ɗan tabarma a gindin tsamiya,
ni da ban taɓa zaman awa guda ba a Marwa.

Bazara ta kankama.
Kwanon ɗaki na ƙara tun hantsi,
Mayo Kaliyawo ya koma yashi zalla,
yara na tonon cikinsa da ƙoƙo suna neman ruwa.

Hurera ta sa tsingaron tulu nesa da ni kaɗan,
ta zuba masa ragowar ruwan alwala.
Ta ce, ga baƙi nan za su zo maka dubiya,
tunda abokan kasuwa sun fara mantuwa.

Goggo Dudu ke shigowa ta tsagar katanga,
sanda a gaba, yana ta rufe mata ido.
Ta zauna kan turmi, ta karkata kunne:
Tanimu, wa ya sauka?
Na ce wani ɗan ja ne, bai kai babban yatsa ba.
Ta ce baiwar Allah ce, ba ta tsoron kowa.

Na ce ga mai shuɗi-shuɗi a bayanta.
Asisi, in ji ta, tare suke kiwo.
Na ce ga kurciya.
Ta yi tsaki: wace kurciya da wannan gurnani?
Dubi idon da kyau.
Na duba, ja ya zagaye shi kamar an shafa lalle.
Hasbiya ce ashe. Shekara talatin da bakwai
ina kiran su da suna ɗaya, ba bambancewa.

Ni ido, ita kunne.
Na koyi shaya daga ƙyallin bayanta,
carki a tozon bijimin Alhaji Bakari,
da mai dogon baki da ke tashi yana nitso a iska
kamar kwalekwale, wai ita ce cilikowa.
In kaza ta yi ƙara 'ya'yanta suka watse,
Goggo ba ta jiran bayani, ta san shirwa.

Akwai guda da ya gagare mu.
Ruwan ƙasa, siriri, yana girgiza jela,
kwana uku yana tsince tsutsa a reshe.
Na siffanta shi har bakina ya bushe.
Ta ce bari ya yi magana.
Da ya yi, ta daɗe shiru, sannan ta ce
wannan ba Hausa yake ba, ba Fillanci ba,
ɗan hanya ne, guzuri ya tsaya yi.
Rana ta huɗu reshen ba kowa.
Mun bar shi ba suna, ya yi arewa.

Gado ya fara sauya riga zuwa rawaya,
yana yage ganyen rake yana gwada saƙa.
Goggo ta ce saura ɗaya.
Kullum la'asar sai ta tambaya, ta zo?
Kullum in ce sama fayau, sai tsattsewa.

Ran Talata ina gyangyaɗi ta taɓa ni da sanda.
Tashi, na ji fiffike mai nauyi kan kuka.
Na ɗaga kai: baƙin baya, farin ciki,
ta tsaya da ƙafa ɗaya, kamar ni.
Na ce Goggo, ita ce.
Ta ce na sani, gaya wa Hurera ta kwashe shanya,
ba a musu da shamuwa.

Daren nan gabas ta yi walƙiya sau biyu.
Da asuba ƙasa ta yi ƙamshi,
tsingaron ya cika ba wanda ya zuba masa.
Na dafa tsamiya na miƙe,
taku uku, na huɗu da rawa.
Saura kwana shida in koma rumfa,
ban san wa zai riƙa gaya wa Goggo launi ba
in baƙo ya sauka shan ruwa.