Bakwai Cikin Arba'in

Ran Asabar, gari bai gama wayewa ba,
na rufe keken ɗinkina da tsohon zane,
na bi Barira da littafinta mai bangon kwali
zuwa kududdufin bayan layinmu.

Mu goma sha ɗaya ne ranar farko.
Ba ofis, ba hatimi,
sai manjagara uku, da baro mai ɗingishi,
da safar hannu da ba ta kai kowa ba.
Ni hagu na samu. Tasi'u ya samu dama.

Gwano ba ya jin warin jikinsa.
Shekara talatin ina bi ta nan,
ban san ruwan ya mutu ba
sai da na tsoma hannu.
Leda kan leda, takalmi wari guda,
mataccen batir, kwalbar maganin tari,
da katifar da wani ya gaji da mafarkin cikinta.
Buhu sittin da biyu, Barira ta rubuta,
ta ja layi biyu a ƙasa.

Malam Ilu mai gyaran rediyo yana kan bencinsa.
Ya ce, nawa ake biyanku?
Muka ce, ko sisi.
Ya ce, to, Allah ya ba ku lafiya,
irin addu'ar da ake yi wa wanda kansa ya taɓu.
Can da rana ta take
ya aiko jikansa da ruwan randa,
wai a gaya mana nan ya koyi iyo,
har tarwaɗa ya taɓa cafkewa da hannu
daidai inda tifa ke juye ƙasa yanzu.

Birnin nan sunayen itatuwa ya gada:
Kurna, Ɗorayi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka.
Mai adaidaita na kiransu da ƙarfi,
ka sauka kana neman inuwa,
rumfar kwano ta tarbe ka, zafi kamar tanda.

Da ruwa ya zauna muka yi dashe.
Guda arba'in: maɗaci, marke, tsamiya, ɗorawa.
Hannun da ya saba da allura ya riƙe diga,
kwana uku ban iya zura zare ba.

Awaki suka cinye sha huɗu kafin Juma'a.
Muka kewaye da ƙaya da tsofaffin tayoyi.
Ƙwallon yara ta karya shida.
Wani ya tuge biyar cikin dare, ya kafa shago.
Takwas kuwa, rani ya yi musu tambaya,
ba su da amsa.

Mu ma haka muka dinga zubewa.
Sabitu ya samu aiki a Bompai.
Biyu suka ce sun zaci za a raba riga da kuɗin mota.
Ni kaina akwai Asabar ɗin da na ji kukan baro a waje
na juya fuskata bango.

Bakwai suka tsira.
Ɗaya tsamiya ce, ni na dasa ta, a karkace ma.
Jarka biyu nake saye wurin ɗan garuwa,
ɗaya ta gida, ɗaya tata.
Mai ɗakina ta ce na ƙaro mana bakin ci.

Jiya zalɓe ya sauka.
Ya tsaya da ƙafa ɗaya a inda katifar take a da,
yana duban ruwa kamar mai bin bashi.
Barira ta buɗe littafi ta rasa inda za ta sa shi:
shafin buhuna ne, da shafin waɗanda suka bushe.
Malam Ilu ya rage muryar rediyo.
Ba wanda ya ce komai.

Tifar ba ta daina zuwa ba.
Ban san wa zai riga wani ba, ita ko mu.

Na dai ciro tef daga wuyana
na auna tsamiyar daga ƙasa zuwa toho:
inci talatin da ɗaya.
Na sassauta mata ƙayar,
yadda nake barin sarari a rigar yaro
don na san kafin baɗi
za ta yi masa kaɗan.