Ginshiƙai Uku a Shomolu

Ƙarfe tara na dare a Shomolu,
injin Baba Akinwale na tari a ƙasan bene,
ni ina sama, daga ni sai kwamfuta da fankar da ta gaji,
ina lallashin ginshiƙai uku su tsaya a shafi ɗaya.

Sanarwa ce ta 'yan gwarin Mil Sha Biyu:
kuɗin dako ya ƙaru, kowa ya share gaban rumfarsa.
Alhaji Tanimu Mai-Albasa ya ce a buga da baki uku,
kowa ya ji da harshen da ya sha a nono.

Na tsaga shafin kamar gidan dara.
Hausa a hagu, Yarbanci a tsakiya, Turanci a dama.
Faɗinsu ɗaya, na auna.
Tsawon ne ya ƙi.

Turanci ya faɗi abin da ya kawo shi a layi tara,
ya kaɗe riga.
Yarbanci ya kai sha uku,
haruffansa da gammo a ka, wasu da tsakuwa a ƙafa.
Hausa kuwa sai da ta yi sallama,
ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali,
ta yi addu'a ga direbobin da ke hanya,
sannan a layi na sha ɗaya ta tuna da dako.
Sha tara cif.

Na daidaita kawunansu:
ƙafar Turanci na reto
kamar yaro a bencin manya.
Na daidaita dugadugai:
kansa ya nutse,
kamar gajere a ambaliyar Oshodi.
Na ce to, a haɗu a ƙugu.
Sai ya yi ta yawo a tsakiyar fari,
kwalekwale ba matuƙi,
babu layin da ya kalli ɗan'uwansa ido da ido.
Na miƙe shi da ƙarfi don ya kamo su,
layukan suka buɗe kamar haƙoran tsohuwa.

Na kira Alhaji.
Na ce, a ɗan rage gaisuwar?
Shiru, sai ƙugin tirela a bayansa.
Ya ce, Hurera, gara ki rage mini farashin albasa.

Morufu ya hawo, hannu duk tawada,
ya jingina da ƙofa yana cin biredin Agege.
Shekara shida muna bene ɗaya,
Hausarsa layi tara ce, Yarbancina bai kai ba.
Ya dubi allon, ya ce, a masallacinmu
liman ba ya auna tsawon kowa,
kafaɗa ya ce a haɗa.
Na ce, kafaɗar sakin layi ina take?
Ya ɗaga tasa. Ya ce faranti na jira,
kuma man janareta saura kwalba.

Sai na haɗa kawunan a sama,
taken kowa a zare ɗaya,
na bar ƙafa ta tsaya inda maganarta ta ƙare.
Ƙarƙashin Turanci fili ya rage,
fari fat, tafin hannu guda.
Ya tsaya mini a rai har Ojota.

Ranar Laraba na je karɓar cikon kuɗina.
Ga takardar a bangon rumfar tumatir,
kusurwarta ta sha ruwan sama.
Wani tsoho na bin Hausar da yatsa,
bai ƙaraso dako ba tukuna, yana cewa amin.
A filin nan fari kuwa
wani ya riga ya sa biro:
kwando sha huɗu, an biya tara,
da lambar wani direba mai suna Ilu,
a karkace.