'Yan Haya

A ɗakin gwaji na Samaru
ni ke ba ɓeraye ruwa.
Na keji na bakwai,
ko kallon ruwan sukari ba ya yi.

Ran Laraba Dakta Marwa ta ɗura masa
ƙwayoyin hanjin maƙwabcinsa mai teɓa.
Kwana goma,
ya manne wa kwalbar zaƙi,
sikeli ya ƙara giram huɗu.

Ashe kwaɗayi ma ana aronsa.

Da la'asar a Kwangila
ƙamshin tsire ya ja ni ta hanci,
na miƙa kuɗin motata.
Na tako gida a ƙasa ina tambaya:
ni na so,
ko 'yan hayan cikina
da ba su taɓa biyan ko kwabo ba?