Tukunyar Malam Nomau

A Yamai, bayan Katako, inda guduma ke riga ladan tashi,
muna da tukunya ɗaya, ba ta tuwo ba.
Ruwanta kore shar.
Ran da na ce masa ruwa, Malam Nomau ya ja kunnena:
wannan taro ne, yaro, kowa da kujerarsa.

Gishirin nikel shi ya zo da kaya.
Hifofosfit shi ke biya,
ya bar ɗan fosfor a jikin ƙarfe, shaidar ciniki.
Tsamin lemo na riƙe da rigar nikel
kada ya zube ƙasa kafin a kira shi.
Sai mai tsawa, ɗigon da bai cika kan allura ba:
ya yi yawa, taro ya yi shiru,
ya yi kaɗan, kowa ya hau kowa.

Ba waya, ba batir.
In an ɗauke wuta maƙwabta su yi tsaki,
mu gas ɗinmu na ci, digiri tamanin da takwas,
kumfa ƙanana na tashi kamar gulmar da ba ta da mugunta.

Wani manomin albasa ya aiko daga Galmi
da bakin famfo, tsatsa ta ci shi har ciki.
Na wanke, na sake wankewa,
don shatin yatsa ɗaya ya isa a ƙi ka.
Awa biyu. Ya fito fari sol,
har lungun da ido bai taɓa shiga ba
ya samu rabonsa daidai da na fuska.
Ban san alƙalin da ya iya wannan ba.

Sau ɗaya na kashe ta.
Barira ta kira, na fita in ji muryarta,
zafi ya haura, ban auna tsami ba.
Na dawo na tarar da baƙin gari a gindi,
nikel ɗin wata guda ya zama toka.
Malam bai zage ni ba. Ya miƙo min soso.

Yanzu hannunsa na rawa, ni ke ɗiga.
Ya ce tukunya ma tana tsufa:
zubi shida, bakwai, gishirin da ta ƙona ya cika ta,
sai ta riƙa jan ƙafa.
Na ce a ƙara mata sabo.
Ya yi dariya, ya dubi tafinsa,
ya ce auna dai, auna.