Lamba Goma Sha Ɗaya

Mai kabu-kabu ya sauke ni bakin kwalta,
ya ce, "Gidajen ma'aikata? Ga su can, ana masu wanka."
Na ba shi dala sittin, na ƙarasa da ƙafa.
Shekara talatin da ɗaya rabona da wannan lungu na Yamai.

Jere biyu ne, yadda na baro su,
ɗaki biyu da baranda, ɗaki biyu da baranda,
zubin Nasara na bayan yaƙi.
A nan kakana Nomau ya karɓi makulli
da yatsu ukun da yaƙin ya bar masa.

Daga lamba ɗaya zuwa goma sun sha fenti ruwan ƙwai,
tagogin gilashi, ƙofofi sai ƙyalli.
Daga nan zuwa ƙarshen layi bango ya yi furfura,
ƙarfen ciki ya leƙo
jajir kamar haƙorin mai goro.

Namu ne sha ɗaya.
A tsakiyar bangonmu fentin ya tsaya,
rabi amarya, rabi tsohuwa,
har digon ƙarshe ya gangaro ya bushe a hanya.

Wani magini na zaune kan tsani yana shan shayi,
Arzika, mutumin Tawa.
Ya ce, "Nan kuɗin suka ƙare, wata Talata da la'asar.
Ɗan kwangila ya ce sai bayan damina."
Na ce, wace daminar?
Ya yi dariya har kofin ya girgiza,
sannan ya bugi bango da bayan guduma:
"Ka ji? Simintin da ke nan, guduma tsalle take.
Namu na yanzu, farce ma na cin sa."

Famfon tsakar layi yana nan, an ɗaure bakinsa da roba.
Darbejiyar da muke lilo an sare ta, an jibge yashi a gurbin.

A lamba sha huɗu Tanti Hamsatu na tsince zogale.
"Fofo," ta ce, irin gaisuwar da ake wa baƙo.
Ta ƙura mini ido, ta sake ƙurawa,
sai tiren ya karkace:
"Ɗan Rabi? Mai sace mini mangwaro?"
Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa a kofin silba
wanda na rantse na san lanƙwasarsa.

Na ce, Tanti, saura ƙiris fenti ya iso ki.
Ta ce, "Tofar da yawun bakinka.
Fentin nan da sabuwar takardar haya yake tafe.
Ina Sajen na lamba uku? Ina masu ɗinki na bakwai?
Duk inda ruwan ƙwai ya taɓa, sai an ɗaure kaya.
Ni kullum asuba roƙona ɗaya:
Allah ya sa kada kuɗin su samu."
Ta nuna rufin da ke yoyo daidai kan gadonta,
ta nuna bokitin da ke kwana a wurin.
"Mun saba, ni da shi."

Na rasa bakin magana.
Ni da na taho da waya a hannu
don in ɗauki hoton gyara in aika wa ƙannena.

Da zan tafi na koma bangonmu, ɓangaren da bai sha fenti ba.
Ƙasan taga akwai wata tsaga
inda Inna ke cusa makulli in ta tafi kasuwa.
Na durƙusa na zura yatsa.
Ɗumi ne a ciki, da ɓawon ƙwan tsaka.

Wata yarinya ta ɗaga labule, burodi a hannunta,
ta ce, "Baba, wa kake nema?"
Arzika ya leƙo daga kan tsani yana jiran amsata.
Na miƙe, na kaɗe gwiwa,
na tambaye ta ko har yanzu ƙofar ɗakin baya
sai an ɗaga ta take rufuwa.
Ta ce, "E. Wa ya gaya maka?"