Bugu Arba'in da Biyu

Kafin carar zakara, a Bekoji,
Gadise ta ɗora yatsu biyu a wuya
ta ƙirga: arba'in da biyu a minti.
Zuciyar da ta sha hawan dutse
ta daina gaggawa.
Gugarta ta yi faɗi,
ja ɗaya ya ishe ta.

A nan sama iska marowaciya ce.
Ka buɗe ƙirji iyakar buɗewa,
ta auna maka rabin mudu.
Sai ƙoda ta kai ƙara wurin ɓargo,
ɓargo ya kwana ƙirar jajayen ƙwayoyi,
'yan dakon da ba su san albashi ba,
kowa da ƙunshin iskarsa a ka.

Hundesa na bakin gonar sha'ir da agogo.
Bai iya sannu ba.

A kilomita talatin rumbu ya ƙare.
Sukarin da cinya ta ɓoye, da na hanta,
duk an cinye.
Jiki ya koma hura kitse,
ɗanyen itace mai wuyar kamawa.
Gishiri ya bushe fari fat a goshinta,
ƙwauri na zaginta,
ƙwaƙwalwa na rantsuwa da ƙarya
wai saura taku goma ta faɗi.
Ta yi dubu.

Da dare uwa ta miƙo ƙwaryar besso,
ta ce, "Kin rame."
Gadise ba ta ji ba, barci ya riga.
A cikin duhu tsoka ta zare allura
tana ɗinke abin da rana ta yaga,
zare biyu inda dā ɗaya ne.